Awartakin Baffa Shekarau

A Harbo, bayan maƙerar Baffa Shekarau,
akwai ɗakin da a da ake zuba gawayi.
Nan na ajiye kwamfutar da makaranta ta yar,
da farantin sola ɗaya a kan jinka,
da batirin wata mota da ta mutu a hanyar Jahun.

Uwar manhajar da ke cikinta ta girme ni.
Masu ita sun ƙera ta da kyau, ban musa ba:
ƙananan kayan aiki, kowa da sana'arsa,
wannan ya ƙirga, wannan ya tace,
wannan ya miƙa wa na gaba kamar masu jifan tubali.
Amma sun sa mata kwaɗo.
Ka hau, ka biya, kada ka leƙa ciki,
kada ka gyara, kada ka ba maƙwabci aro.

Na karanta wa Baffa takardar lasisin.
Ya tsayar da zuga-zugi, ya ce,
"Wato fartanya ce da in ta dakushe
haramun ne ka wasa ta?"
Ya tofar da goro, ya koma wutarsa.

Sai na ɗaura niyyar sake ta daga tushe,
ba tare da na kwafi ko layi ɗaya ba.
In dubi abin da take yi, in rufe ido,
in nemo tawa hanyar zuwa rijiyar.

Tafinta na fara rubutawa,
mai juya maganata zuwa yaren ƙarfe.
Wata bakwai. Gero ya fito, ya yi kai, aka yanke.
Ga abin kunyar: da tsohon tafintan
na haɗa sabon.
Baffa ya yi dariya har da tari.
"Da me kake zaton na riƙe awartakina na farko?
Da na Ilu na Kafin Baka.
Ranar da nawa ya huce, na mai da masa nasa,
na haɗa da ƙwaryar gyaɗa."

Daren da tafintana ya haɗa kansa da kansa
babu wanda ya yi guɗa.
Jaki ne kawai ya yi kuka,
batir ya rage kashi tara.

Daga nan sai ƙananan:
mai jero sunaye, mai kwafa, mai nema, mai sharewa.
Mai sharewar ya fi kowa biyayya,
ya cinye min aikin sati uku a lumfashi ɗaya.
Na zauna a ƙofa har asuba ban yi magana ba.

Mutane suna tambaya, "Kyauta ce?"
Na ce ba zancen kuɗi ba ne.
Akuyar kyauta ma da igiya take zuwa.
Wannan 'yantacciya ce:
ka buɗe, ka karanta, ka sauya, ka raba,
sharaɗi ɗaya, kada ka rufe ƙofar da ka tarar a buɗe.

Tasalla, 'yar aji biyar, ita ta kama ni.
Ta ba shi sunayen 'yan ajinsu ya jera,
sai ya kai Ɗanladi bayan Zubairu,
ya jefa Ƙasimu can ƙasa kamar baƙo.
Na gaji kuskuren waɗanda ba su san lanƙwasa ba.
Ta ja kujera, ta nemo layin,
ta gyara da yatsu biyu, lalle bai gama bushewa ba.
Sunanta na nan a saman fayil ɗin.

Ƙwayar tsakiya har yanzu da saura.
Tana tashi, ta yi taku uku, ta faɗi
kamar ɗan maraƙin da aka haifa da hantsi.
Baffa ya leƙo jiya, masaba a kafaɗa,
ya daɗe yana kallon baƙin allon.
"Yaushe za ka mai da wa mutane awartakinsu?"
Na ce, sai nawa ya huce.
Ya ce, "To, ka tanadi gyaɗa."